Yadda za ku kare yara da dabbobi daga shan guba a gida, da abin yi idan ta faru

Da an ce guba hankalin mutanenmu sai ya tafi kan maƙiyi ko kishiya ko wani mugu da ya barbaɗa abu a abinci, amma gaskiya yawancin yaran da ake rugawa da su asibiti sun sha guba ba wanda ya ba su, da hannunsu suka ɗauka a cikin gidan ubansu, sau da yawa ma uwar tana nan tsakar gida tana wanke-wanke. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2008 ya nuna yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 20 sama da 45,000 guba ke kashewa a shekara ɗaya a duniya. Binciken da likitocin yara suka sha yi a asibitocin koyarwa na Najeriya kuma kusan magana ɗaya yake maimaitawa, mafi yawan waɗanda abin ke samu 'yan ƙasa da shekara biyar ne, musamman masu rarrafe da masu tatata, kuma kalanzir ne ya fi yawa, sai maganin ƙwari, sai magungunan asibiti da sodar haɗa sabulu. Wani abu da ya fi damuna a cikin binciken shi ne da yawa kafin a kawo su an riga an ɗura musu manja ko madara ko an sa musu yatsa a maƙogwaro, kuma wannan taimakon shi ke ƙara dagula lamarin.

Toh bari mu bi abin daki-daki.

Fara da zagaya gidanku a tsugune

Da gaske nake, ku durƙusa daidai tsawon yaro ɗan shekara biyu ku kalli ɗakin. Abin da babba ba ya gani don yana tsaye, shi ne abin da yaro ke gani kullum. Ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, gefen risho, bayan randa, ƙasan kanta, jakar hannun da kika ajiye kan katifa, aljihun rigar maigida da ke rataye ƙasa-ƙasa. Duk abin da kuka samu a nan wanda ba za ku iya sa shi a bakinku ba, ba wurinsa ba ne.

Babban laifin shi ne robar lemo. Ki aiki yaro sayen kalanzir na ɗari biyu a ba shi cikin gorar Coke ko ta ruwan sha, a dawo a ajiye ta gefen murhu, da rana zafi ya taso ƙaramin ya tashi daga barci da ƙishirwa ya ga gorar da ya saba gani ana ba shi zoɓo a ciki, ruwa fari tas, me kike so ya yi? Shi bai san wari ba, kafin ɗacin ya kai masa ya riga ya haɗiya. Haka fetur ɗin janareta, haka fiya-fiya da masu talla ke ɗurawa a ƙananan kwalabe, haka Hypo da Izal da ake saye a ƙulle a leda. Dokar guda ɗaya ce, abin da ba na sha ba kar ya taɓa shiga mazubin abin sha. Ku nemi jarka mai murfi mai ƙarfi wadda ba ta yi kama da ta ruwa ba ku ware ta don kalanzir kawai. A Afirka ta Kudu an gwada raba wa gidaje mazubin kalanzir mai murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, shan kalanzir tsakanin yara ya ragu kusan rabi a yankin da aka raba, ba wani magani ba wata allura, murfi kawai.

Sannan a samu wuri ɗaya, sama, mai kwaɗo. Ba sama kaɗai ba don yaro ɗan shekara uku zai jawo kujera ko turmi ya hau, kun san su. Tsohuwar akwatin ƙarfe ma ta isa in dai tana kulluwa kuma makullin ba ya jikinta.

Masu haɗa sabulu a gida, don Allah ku tsaya nan ku karanta da kyau. Sana'a ce mai albarka kuma mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri, amma soda idan an jiƙa ta a bokiti aka bar ta ta kwana, ba ta da launi ba ta da wari, ruwa ne kawai a ido. Yaro ya zo da moɗa ya kamfata, kurɓa ɗaya ta isa ta ƙona masa leɓe da harshe da maƙogwaro har ciki, kuma ko ya tsira bayan 'yan makonni hanyar abincin tana iya tsukewa saboda tabo, ya koma ko kunu ba ya wucewa, a shiga zaryar asibiti ana buɗa masa ita wata da watanni, wani sai an yi masa babban aiki. Wallahi ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Ki jiƙa sodarki a ɗakin da ke kulle, bokitin da murfi, kuma ranar haɗi yara su tafi maƙwabta ko makaranta.

Magunguna kuma mun raina su saboda na warkarwa ne. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki a awo, ja ce mai santsi, yaro na ganinta zai ɗauka alawa ce, kuma ƙarfen da ke cikinta idan ya yi yawa yana kashe ƙaramin yaro. Maganin ciwon suga na Hajiya kaka, ƙwaya ɗaya tak tana iya zubar da sugan jinin yaro ya suma. Na hawan jini haka, tramadol haka. Tsofaffi sun fi son ajiye magani ƙarƙashin filo ko a ƙullin bakin zani ko cikin kwanon goro, a lallaɓa a yi musu bayani, jikokinsu ne ai, za su ji. Kuma a daina ce wa yaro "zo ka sha alawa" idan za a ba shi magani, ranar da ba kowa zai je ya sha alawarsa da kansa.

Maganin sauro da na ɓera. Sniper na gona ne ba na ɗaki ba, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da shagunan gama-gari amma har gobe ana yayyafa shi ƙarƙashin gado a rufe ƙofa a shigo da jariri ya kwana a ciki, alhali gidan sauro mai magani ya fi shi aminci nesa ba kusa ba. Shinkafar ɓera kuma yadda muke sa ta shi ne matsalar, a kwaɓa da kifi ko gyaɗa ko tuwo a ajiye a murfin kwano a lungu, to abin da ya ja ɓera shi zai ja yaro da kaza da mage. In dole sai an sa, a sa da dare bayan yara sun yi barci a inda hannu ba ya kaiwa, a ƙirga wuri nawa aka sa, da asuba a kwashe duka, gawar ɓeran kuma a binne ta da zurfi kar a wurga bola. Tarko ya fi kwanciyar hankali. Ita kuwa ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake da masara, Phostoxin, iska mai guba take fitarwa a hankali, kada a taɓa ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi, iyali guda na iya kwantawa su kasa tashi. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin wake ba tare da ko ɗigon magani ba, iska kawai yake hana su.

Kafur da ake sa wa a akwatin kaya shi ma a kula, yana fasa jinin wasu yara, musamman jarirai, idonsu ya yi ɗorawa. A bayan gida kuma akwai 'ya'yan bini-da-zugu da na zurma da zaƙami, yara na wasan girki da su suna ci, in suna cikin gidanku ko a shingenku ku nuna wa yaran ku gaya musu ƙarara ba a ci.

Idan ta riga ta faru

Na farko ki natsu, na san da wuya, amma minti biyun farko ihu ba ya amfanar da yaron. Ɗauke shi daga wurin, cire abin da ya rage a bakinsa da yatsa in kina ganinsa, ki duba yana numfashi, yana gane ki. Sai ki ɗauki kwalbar ko ledar ko sauran ƙwayoyin ko reshen ganyen, ki lura da ƙarfe nawa ne, a kama hanyar asibiti. Wannan kwalbar ita ce rabin aikin likita don maganin wata gubar ba shi ne na wata ba. In akwai inda layin 112 ke aiki a kira, in babu a tari Keke Napep ko mashin, kar a tsaya jiran maigida ya dawo daga kasuwa, a kira shi a waya ku haɗu can. Kuma asibiti nake nufi, ba kemis ɗin bakin layi ba.

Kada a sa shi amai. Kada a ba shi manja. Kada a ɗura madara, ko ruwan gishiri, ko ɗanyen ƙwai, ko tsamiya.

Na san wannan zai yi wa wasu nauyi don da shi muka tashi, kowace unguwa akwai dattijuwar da za ta ce a kawo manja, kuma don ƙauna take faɗa ba don mugunta ba. Amma ga yadda abin yake. Kalanzir idan ya sauka ciki ya zauna a can ɓarnarsa kaɗan ce, haɗarinsa a huhu yake, abu ne mai tsinkewa mai saurin bazuwa, ɗan kaɗan in ya ɓalle ya bi hanyar iska sai ya shafe huhun ya kumbura shi. Idan aka sa yaro amai an sake dawo da kalanzir ɗin ta bakin hanyar iskar karo na biyu kenan, yaro na kuka yana shure-shure an danne shi an toshe hanci ana ɗura manja, ya ƙware, manja da kalanzir su tafi huhu tare. Yaron da da zai kwana ɗaya a asibiti a sallame shi sai ya koma kan iskar oksijin. Manja ba ya kashe guba ko wace iri ce, wasu gubobin ma mai yana taimaka musu su shiga jini da sauri. Abin yi kawai a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a riƙe shi a zaune, a tafi. Ko da ya ware yana wasa a kai shi, don tari da saurin numfashi da zazzaɓi suna iya ɓullowa bayan wasu awanni, shi ya sa likitoci ke riƙe yaro su sa masa ido aƙalla awa shida.

Soda da ruwan batir da duk abin da ke ƙuna, amai yana nufin ya ƙona hanya sau biyu, da shiga da fita. Kuma kar wani mai wayo ya ce a ba shi lemon tsami don ya kashe kaifin sodar, haɗuwarsu zafi take haifarwa a ciki. A kuskure masa baki da ruwa ya tofar, a wanke inda ya zuba a fata da ruwa mai yawa, kar a tilasta masa ci ko sha. In a ido ne a buɗe idon a riƙa kwarara ruwa mai tsabta a hankali minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, buta ta isa, sannan a tafi.

Fiya-fiya da Sniper da maganin feshin gona suna da alamarsu, yawu na dalala, gumi, hawaye, amai da zawo, ƙirji na kurkur, tsokar jiki na rawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗan ɗigo. Suna shiga ta fata ma ba sai an sha ba, don haka a tuɓe masa kaya a yi masa wanka da sabulu, mai wankan ta sa leda a hannu. Wannan gudu ake yi da shi, akwai allurar atirofin da ke ceto in an isa da wuri.

Akwai kuma masu yaudara, waɗanda yaro zai sha ya ci gaba da wasansa har a ce Allah Ya kiyaye ba abin da ya same shi. Farasitamol na cikinsu, ranar farko lafiya lau, sai bayan kwana biyu uku hanta ta fara lalacewa, kuma maganin da ke kare hantar ya fi aiki in an fara shi cikin awa takwas. Ƙwayar ƙarin jini ma tana lafawa bayan aman farko sannan ta dawo da ƙarfi. Wani nau'in maganin ɓera kuma jini yake hanawa daskarewa, sai bayan kwanaki a ga haɓo ko jini a dasashi ko a fitsari. Duk waɗannan ba a jiran alama.

Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo da rimot ɗin mota da kayan wasan yara masu walƙiya, idan ya maƙale a maƙogwaro cikin awa biyu yana iya fara ƙona nama. Nan ne kaɗai zan ce a ba da wani abu a hanya, in yaron ya wuce shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti 10 har sau shida, amma ana tafiya ana bayarwa, ba a zauna a gida ana ba shi ba. Ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma sam.

In yaro ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe kansa ya ɗan karkata ƙasa don in ya yi amai ya zubo waje. In yana jijjiga kar a cusa cokali a baki, kar a kara ƙafarsa a wuta, kar a ɗura komai, a kawar da abin da zai buge shi a bar shi ta gefe. Gawayin girki kuma ba shi ne gawayin asibiti ba, kar a daka a ba shi.

Da kun isa ku faɗi gaskiya, me ya sha, kamar nawa, yaushe, kuma me aka ba shi a gida, ko da manjan ne a faɗa, ba kotu ba ce. Uwa ta riga ta shiga tashin hankali, maigida da dangin miji don Allah ba lokacin faɗa ba ne, tsoron faɗan nan shi ke sa wasu matan su ɓoye har abu ya ƙazanta.

Wadda ba a sha, shaƙa ake yi

Lokacin hunturu ana shigar da kaskon gawayi ɗaki a toshe ko'ina saboda mai jego da jariri, wasu kuma janareta suke shigarwa zaure ko baranda don tsoron ɓarayi. Iskar da ke fita daga su biyun ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da kasala take fara sawa sai barci mai nauyi. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, ko kuka ga mage ko kajin da ke kwana kusa sun yi laushi, a buɗe ƙofa da taga a fito da kowa waje, a tafi asibiti. Janareta wurinsa fili, nesa da taga.

Agwagin Zamfara

A farkon 2010 a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum agwagi suka fara mutuwa suna ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Ba a jima ba yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa, ana ta cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka lura magani ba ya ci aka gwada jini aka gano dalma ce. Maza na haƙo dutsen zinare su kawo gida, ana dakawa a turmi ana niƙawa a cikin gari ana shanyawa a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa, yara na rarrafe suna sa hannu a baki, agwagi na tsattsaga a wannan ƙasar. Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu sun tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya yara aƙalla 400 aka rasa, a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma, Abare, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka yi nata aikin. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Abin da za mu ɗauka a nan na aiki ne. Idan dabbobin gida suka fara mutuwa haka kawai, kaji, agwagi, awaki, kar a tsaya kan asarar kuɗin, a tambayi kai me suka ci me suka sha, domin ƙasa ɗaya suke taka da yaranmu kuma sau da yawa su ke fara faɗuwa. Mai aikin haƙa kada ya kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin hatsi ko a daka a turmin abinci, ya yi wanka ya sauya kaya a can kafin ya shigo ya ɗauki ɗansa. Masu fasa tsohon batirin mota su ma haka, a unguwar Thiaroye ta Dakar a Senegal yara 18 wannan sana'ar ta kashe tsakanin 2007 da 2008. Kwalli kuma, irin na dutse mai ƙyalli, a kiyaye da sa wa jarirai, an taɓa gwada wanda aka kai daga Najeriya aka sa wa wani jariri a Boston aka samu sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Dalma ba ta da wani ƙaramin adadi da za a ce lafiya ne ga yaro, ko ba ta kashe ba tana dakushe ƙwaƙwalwa.

Ɓangaren dabbobi

Da damina takin yuriya ne ke yi wa masu kiwo ɓarna. Buhu a buɗe a zaure, ko ruwan sama ya taru a inda aka zubar, akuya ko saniya ta lasa don yana mata ɗanɗanon gishiri, cikin ƙasa da awa ɗaya ta fara rawar jiki da dalala ciki ya kumbura ta faɗi. A nemi likitan dabbobi nan take, su suna zura tiyo su ba da ruwan khal da ruwan sanyi. Ku kuma kada ku ɗura wa dabbar da ke kwance ba ta iya haɗiya, huhu zai tafi, irin na yaro ne sak. Buhun taki da aka juye kada a zuba dusa a ciki, jarkar maganin feshi kuma kada ta koma ta ruwa ko ta nono ko an wanke ta sau goma, a huda ta a binne.

Gyauron dawa makiyaya sun san shi tun kaka da kakanni. Dawa ƙarama da ba ta kai gwiwa ba, ko wadda ta sake tohowa bayan yanka, ko wadda fari ya dafa sannan ruwa ya sauka, tana ɗauke da guba mai kashe saniya cikin mintuna, numfashi sama-sama sai faɗuwa. Kar a saki dabba mai yunwa a irin wannan gonar, a bari ta girma ko a yanka a busar sosai. Ɓawon rogo ɗanye shi ma dangin wannan gubar ce, a shanya shi ya bushe ƙarau kafin a ba su. A daji kuma akwai tsirrai masu guba irin su samberu da gwaska da tururubi, dabbar da aka kawo daga wata ƙasa ba ta san su ba, ita ta fi faɗawa, musamman da rani da ba wani kore sai su. Gonar da aka yi wa feshi a tambayi mai ita yaushe aka yi kafin a kora garke gefenta. Harawa ko ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, tana cin hanta, kaji da agwagi sun fi saurin tafiya, kuma gubar na bi ta nonon saniya.

Maganin kaska a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, ƙara ƙarfi ba ya ƙara kashe kaska sai dai ya kashe maraƙin. Wanda ake kira amitiraz yana yi wa shanu aiki amma ba a sa wa doki, yana tsayar masa da hanji, masu dawakin sallah ku riƙe wannan. Mage kuma kada a taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na kashe ta, haka maganin ƙuman kare ba na mage ba ne. Tsohon batirin mota da aka yar a bayan gida shanu na son lasarsa, daga nan sai makanta da dafa kai jikin bango.

In dabba ta ci guba a janye sauran daga wurin da abincin da ruwan tukuna, a kai mara lafiyar inuwa, a ajiye samfurin abin da ake zargi. In da yawa suka mutu lokaci ɗaya a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, suna iya tura samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato ko asibitin dabbobi na jami'a kamar na Zariya a gano ko guba ce ko cuta.

Sai maganar da ta fi wuyar faɗa. Saniya ta faɗi, kuɗi ne masu yawa, abin da ke zuwa zuciya shi ne a kawo wuƙa a yi maza kafin ta zama mushe, a kira mahauci ya saya da araha. Yanka yana halatta nama amma ba ya cire gubar da ke cikinsa. Dabbar da ake zargin maganin feshi ko na ɓera ko dalma ce ta kayar da ita, kada a ci kada a sayar, kayan cikin nan da hanta da ƙoda su suka fi tara gubar kuma su muke fara soya wa yara. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne yadda kare da ungulu ba za su tono ba. Wadda ta tsira kuma a daina tatsar nononta don sha ko sayarwa har sai likitan dabbobi ya ce kwana nawa za a jira, kaza ma ƙwanta haka.